Injin yankan katako yana tashi amma ba ya daɗewa bayan an sake masa fistin da silinda

Mai Katako ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana gyaran ƙananan injuna game da injin yankan katakona ƙirar Stihl MS 381, wanda nake aikin tsaga da shi a kudancin Kaduna. Kwanakin baya ina tsakiyar tsaga gungumen malaina sai ƙarfinsa ya ragu, ya mutu a hannuna, da na ja igiya kuma na ji babu matsi ko kaɗan. Da muka cire salansa muka leƙa ciki, sai muka tarar fistin ya karce sosai ta gefen da hayaƙi yake fita, zobban ma sun maƙale a cikin ramukansu. Na sayo sabuwar silinda da fistin mai faɗin milimita 52 da zobba da gasket, na haɗa da sabon fulogi da kayan gyaran kafireta, wato fatu da allura, muka ɗaura komai, kibiyar da ke kan fistin tana kallon salansa kamar yadda ya kamata.

Matsi ya dawo sosai, domin idan na ɗaga injin da igiyarsa ba ya zamewa ƙasa da sauri, wuta kuma tana zuwa fulogi shuɗiya tas. Matsalar ita ce idan na rufe cok na ja har ya yi tari, sannan na buɗe cok na sake ja, yana tashi da kyau, amma ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi sai ƙararsa ta yi sama da kanta, daga nan ya mutu. Idan na taɓa totur ma mutuwar ta fi sauri. Idan na ɗiga masa fetur kaɗan a bakin kafireta yakan sake tashi, ya ƙone abin da na ba shi, ya tsaya. Fetur ɗin sabo ne daga gidan mai, na gauraya shi da man 2T a ranar, matatar iska kuma na wanke ta.

Wani abokin aikina ya ce in buɗe sukurun L da na H, wato sukurorin kafireta masu daidaita mai a ƙaramin gudu da babban gudu, in ƙara masa mai har ya tsaya da ƙafarsa, amma raina bai kwanta da wannan shawara ba, saboda kuɗin da na kashe a kan silinda da fistin ba kaɗan ba ne, kuma ina tsoron kada su bi sawun na farko. Don Allah wanda ya san ta inda zan fara bincike ya taimaka mini.

Makanikin Ƙananan Injuna ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Bayaninka ya rage aiki sosai, domin injin da yake tashi idan an ɗiga masa fetur a baki ya riga ya nuna cewa wutarsa da matsinsa lafiya suke, mai ne ba ya isa gare shi. Don ka ƙara tabbatarwa, da zarar ya mutu ka cire fulogi ka duba bakinsa. Idan ka same shi a jiƙe yana warin fetur, mai ne ya yi yawa. Idan kuwa a bushe yake, to yunwar mai ce, kuma ƙarar nan da ka ce tana hawa kafin ya mutu alamar yunwar ce.

Ka fara da abin da ba ya buƙatar kwance komai. Ka sassauta murfin tanki ka tayar da injin. Idan ya ci gaba da aiki, ko ka ji iska ta shiga da 'yar ƙara lokacin da kake buɗewa, to kafar numfashin tanki ce ta toshe. Sai dai toshewar wannan kafa ta fi kashe inji bayan ya yi aiki na wasu mintuna, don haka ban ɗora zargina a kanta sosai ba. Bayan haka ka lanƙwasa waya ka zaro matatar mai daga cikin tanki, ka sauya ta idan ta yi datti, sannan ka bi tiyon mai daga tanki zuwa kafireta kana ɗan jan sa kana lanƙwasa shi, saboda tsagewarsa ba ta cika fitowa fili ba sai an miƙe shi.

Wurin da na fi zargi shi ne ƙaramin tiyon bugu. Kafiretar injin yankan katako ba ta da kwanon da mai yake taruwa irin ta babur, domin dole injin ya yi aiki a tsaye da a kwance da a kife. A maimakon haka tana da ƙaramin famfo na fata a cikinta, kuma abin da yake motsa wannan fata shi ne matsi da zuƙar da suke faruwa a cikin gidan karanshaf duk lokacin da fistin ya sauka ya hau. Wannan bugun yana zuwa ne ta wani siririn tiyo daga gindin inji zuwa bayan kafireta. Idan tiyon ya tsage, ko ya zame daga bakinsa, ko ya lanƙwashe lokacin da ake mayar da silinda, famfon ba zai yi aiki ba. Rufe cok yana jawo ɗan mai da ƙarfin zuƙa, injin ya tashi da shi, da ya ƙare kuma ya mutu, daidai da abin da kake gani.

Gwajinsa mai sauƙi ne. Ka cire kafireta, ka shafa ɗan giris a bakin tiyon bugun har ya rufe ramin, ka ja igiya. Idan giris ɗin ya tofo waje ko ya zuƙe ciki, bugu yana zuwa. Idan ya zauna bai motsa ba, ka nemi tsaga ko toshewa. Ka haska tocila ta tsakanin tanki da silinda ka dubi ɗaya bakin tiyon, don a can yake ɓuya, kuma a can zafi ya fi busar da shi.

Ɗan Gyara ya amsa:

Ina goyon bayan abin da malam makaniki ya faɗa, amma tunda ka ce an buɗe kafireta an sa mata sababbin fatu, ina ganin ya dace a sake duba yadda aka jera su, domin ɓangarorinta biyu ba jeri ɗaya suke bi ba. A ɓangaren famfo, fatar mai 'yan harsuna biyu ita take kwanciya kai tsaye a jikin kafireta, sannan gasket, sannan murfi, saboda harsunan nan su ne suke rufe ramukan mai suna buɗewa. A ɓangaren awon mai kuwa, inda allura take, gasket ne yake fara hawa jikin kafireta, sannan fata mai faifan ƙarfe a tsakiya, sannan murfi. Idan aka juya jerin ɓangaren famfo, harsunan ba za su zauna a kan ramukansu ba, mai kuma ba zai taso daga tanki ba ko da tiyon bugu lafiya yake.

Abu na biyu shi ne ɗan ƙarfen da yake ɗaga allura. Idan ya yi ƙasa da yawa, fata ba za ta danna shi yadda allura za ta buɗe sosai ba, injin ya ji yunwa. Idan ya yi sama da yawa, mai ya malale ya jiƙa fulogi. Sababbin da suke zuwa cikin kayan gyara ba kullum tsayinsu yake daidai ba, don haka ka kwatanta shi da tsohon idan ba ka jefar ba. Akwai kuma wata 'yar raga mai laushi a cikin ramin da mai yake bi zuwa allura, wadda garin katako da dattin fetur suke liƙewa a kanta har ta zama kamar an shafe ta, mutane da yawa kuma suna sauya fatu su manta da ita. Ka cire ta da tsinken allura a hankali, ka ɗaga ta a rana ka ga ko haske yana wucewa.

Game da sukurori, idan kafiretarka ba ta da hulunan roba masu hana su juyawa, ka mayar da L da H ciki a hankali har su zauna, ba tare da ka matse su ba don kada ka lalata bakinsu, sannan ka buɗe kowanne zagaye ɗaya. Ka ɗan shigar da sukurun LA, wato mai daidaita gudun sulo, don sulo ya ɗaga. Lafiyayyen inji dole ya tashi ya zauna a wannan saiti. Idan ya ƙi, ka iya ƙara wa L rubu'in zagaye ka gani ko zai riƙe.

Baba Mai Inji ya amsa:

Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka bi shawarar abokin aikinka. 'Yan'uwana biyu sun yi bayani mai kyau, amma akwai tambayar da ba a yi ba, kuma a ganina ita ce gaba da komai: me ya kashe fistin na farko? Fistin ba ya karcewa ta gefen salansa haka kawai. Karcewa ta wannan gefe alamar zafi ce, zafin kuma yana zuwa ne daga ƙarancin mai a cikin cakuɗar da injin yake shaƙa, ko daga fetur marar isasshen man 2T. Da ƙura ce ta cinye shi, da ta gefen kafireta za ka fi ganin gogewar. Kai kuwa ka sauya abin da ya lalace, amma ba ka ce ka sauya oyil sil na karanshaf, wato robobin da suke toshe inda karanshaf ya fito daga gidansa, ko robar wuyan kafireta ko tiyon bugu ba. Ina kyautata zaton ciwon da ya kashe injin tun farko yana nan, kuma shi ne yake hana shi zama yanzu.

A irin wannan inji, cakuɗar fetur da iska tana fara shiga gidan karanshaf ne kafin ta hau saman fistin, saboda haka dole gidan ya kasance a rufe ruf. Duk inda ya sami kafa, iska za ta shiga ba ta hanyar kafireta ba, kamar mai zuƙar zoɓo da tsinken roba mai huda a gefe, iska ce za ta fi zuwa masa baki. Iskar nan tana tsarma cakuɗar, tana kuma raunana bugun da famfon kafireta yake dogara da shi. A nan ne ban yarda da ƙara buɗe L ba, ko da rubu'in zagaye ne, har sai an tabbatar babu yoyo. Idan ka buɗe sukurori da yawa, injin zai iya zama a sulo ka ɗauka ya warke, amma da ka sa shi cikin gungume ya yi zafi, kafar za ta ƙara buɗewa, sabon fistin ya narke a jikin sabuwar silinda cikin ɗan lokaci. Na ga wannan asara a hannun masu tsaga da yawa, kuma tana ba ni takaici, domin abin da ya jawo ta 'yar roba ce kawai.

Ka yi masa gwajin matsi. Ka yanko roba guda biyu daga tsohon tub na taya, ka sa ɗaya tsakanin salansa da silinda, ɗaya kuma a bakin robar wuya a bayan kafireta, ka ɗaure su su toshe ƙofofin biyu. Ka bar fulogi a ɗaure, bawul ɗin rage matsi kuma a rufe. Sai ka hura iska ta tiyon bugu. Ƙa'idar ita ce a kai matsin kusan rabin ba (bar, ma'aunin matsi), wato 0.5, ya tsaya aƙalla daƙiƙa 20 bai sauka ba. Idan ba ka da famfon gwaji, robar famfo da agogon na'urar awon hawan jini suna yin aikin, domin 300 da ke ƙarshen agogon daidai yake da ba 0.4, kuma ya isa ya tona yoyo. Kada ka kuskura ka yi amfani da iskar mai faci, saboda ƙarfinta zai tura sil ɗin waje. Idan allurar agogo tana sauka, ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa a gindin silinda, da robar wuya, da bakin tiyon bugu, da mahaɗar gidan karanshaf, da sil biyu, ka ga inda kumfa zai taso.

Kafin ka ga sil ɗin sai ka cire faifan maganaɗisu a gefe ɗaya, da kuloci da famfon man sarƙa a ɗaya gefen. Ka tuna zaren kuloci na hagu ne, ana kwance shi ne ta inda ake ɗaure sauran notuna. Don tsayar da fistin lokacin kwancewa, ka tura igiya mai tsabta ta ramin fulogi bayan fistin ya rufe ƙofar hayaƙi. Bayan gwajin matsi ka yi na zuƙa, ko da babban sirinji ne, domin tsohon sil yakan riƙe matsi saboda iskar tana danna leɓensa a jikin ƙarfe, amma ya saki idan aka zuƙa. Ka kama bakin karanshaf kuma ka girgiza shi sama da ƙasa. Idan ka ji wasa, boris ya mutu, kuma sabon sil ba zai daɗe a kan mataccen boris ba.

Mai Katako ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na bi shawarwarin ɗaya bayan ɗaya. Fulogi a bushe na same shi, sassauta murfin tanki kuma bai sauya komai ba. Jerin fatun kafireta daidai yake, sai dai 'yar ragar nan da aka ambata rabinta a toshe take da wani abu mai kama da lallausan gari, na wanke ta. Da na shafa giris a bakin tiyon bugu na ja igiya, ya ɗan motsa amma da rauni sosai, da na zaro tiyon gaba ɗaya sai na tarar ya bushe ya yi tauri, kuma ya tsage a daidai inda yake hawa bakin ƙarfe a gindin inji, ta ƙasa inda ido ba ya gani.

Ban tsaya a nan ba, Baba. Na sa sabon tiyo, na ari na'urar awon jini na yi gwajin da ka kwatanta. Allurar agogon tana sauka a hankali, da na shafa ruwan sabulu kuma ba a daɗe ba kumfa ya fara tasowa a gefen sil na ɓangaren kuloci, ƙanana a jere a kewayen ƙarfen. Gindin silinda da robar wuya ba su nuna komai ba, karanshaf kuma ba ya wasa. Na sayo sil biyu domin in sauya su tare. Abin da nake son sani shi ne yadda zan sa su ba tare da na ɓata su ba, da kuma yadda zan tafiyar da injin a farko tunda fistin sabo ne. Akwai masu ce mini in ninka man 2T a tankunan farko.

Baba Mai Inji ya sake amsawa:

Madalla, yaro. Wajen cire tsohon sil ka kula kada bakin sukuddireba ya karci karanshaf ko mazaunin sil ɗin, domin ƙaramin karce a nan yoyo ne na dindindin. Ka shafa wa leɓen sabon ɗan giris, ka naɗe zaren karanshaf da kafaɗarsa da siririyar leda ko yankin gwangwanin lemo mai santsin baki don kada leɓen ya juye ko sifirin ɗinsa ya fita, ɓangaren da yake buɗe ya kalli cikin inji, sannan ka buga shi a hankali da bututu mai faɗin bakinsa har ya zauna daidai zurfin da tsohon yake. Ka sake gwajin matsi da na zuƙa kafin ka mayar da kuloci, kana juya karanshaf a hankali. Idan ka mayar da faifan maganaɗisu ka tabbatar ya hau kan makullinsa, tazarar koyil kuma ta zama kamar milimita 0.2 zuwa 0.3, ta fulogi 0.5.

Maganar ninka mai ba ni tare da ita. Kamfanin ya ƙayyade kashi 50 na fetur da kashi 1 na man 2T mai inganci, wato mililita 20 a kowace lita, ko 100 a lita 5. Idan kana so ka ƙara don zafin ƙasarmu da nauyin aikin tsaga, mililita 25 a lita ya wadatar. Fiye da haka sosai yana tara gawayi a kan fistin da ƙofar hayaƙi, ya toshe salansa. Ka auna da sirinji ko kwalba mai lamba, ka guji baƙin man mota da fetur ɗin bumburutu da ba ka san abin da aka zuba masa ba, kuma kada ka yi aiki da gaurayen da ya wuce wata ɗaya a jarka.

Ka tayar da shi da sarƙa da ƙarfenta da murfin kuloci duk a ɗaure, birkin sarƙa a kame, injin a ƙasa ƙafarka tana danne da hannunsa na baya. Ka fara daga zagaye ɗaya a L da H. Idan ya yi ɗumi, ka saki birki, ka daidaita L har ya karɓi totur ba tare da shaƙewa ba, ka rage LA har sarƙa ta daina motsi a sulo. Sai ka kwantar da shi ta dama, ka kwantar da shi ta hagu, ka kifa bakinsa ƙasa. Idan ƙarar sulo ta sauya sosai, da sauran yoyo. Wajen H, idan ka buɗe totur duka na daƙiƙa ɗaya ko biyu ba cikin itace ba, ya kamata ka ji yana ɗan gurnani, gurnanin kuma ya ɓace ya koma ƙara mai santsi da zarar sarƙa ta kama itace. Idan yana tsala ihu siriri babu gurnani, ka ƙara buɗe H nan take. A tankuna uku na farko kada ka riƙa buɗe masa totur duka ba tare da yana yanka ba, ka fara da yanke ƙananan gungume a gicciye kafin ka koma doguwar tsaga, sannan ka cire fulogi ka duba: launin ƙasa-ƙasa ake so, idan ya yi fari ka tsaya ka ƙara masa mai ta sukurun H. Bayan tankin farko ka cire salansa ka leƙa fistin, ka kuma sake ɗaure notunan silinda idan injin ya huce.